Rigimar da Aka Yi wa Fatiha

Yayana direba ne tun ina ƴar makaranta a lakwal. Rabin rayuwarsa motocin furoje, wato aikin ƙungiyoyin agaji, ya tuƙa, fararen kat-kat ɗin nan masu doguwar eriya, yana kai ma'aikatan lafiya da allurar rigakafi ƙauyukan da ko sunansu ban iya faɗa ba. Da furojen ya rufe sai ya dawo gidansa a unguwar Lazare ya zauna. Zaman ya yi tsawo har matarsa ta fara kirana a waya tana magana ƙasa-ƙasa. Ana nan sai wani ɗan kasuwa mai kamyo, manyan motocin kaya, ya yi masa tayin hanyar arewa, Agadas da abin da ke bayanta, kuma kowa ya san halin da hanyar nan take ciki yanzu. Yaya ya ce a ba shi zuwa ƙarshen wata, saboda wata ƙungiya a nan Yamai ta kira shi ganawar ɗaukar aiki, shugaban direbobi suke nema. In ya samu, ya zauna tare da mu. In bai samu ba, ya hau kamyo.

Ni sakatariya ce a wani biro na gwamnati, kuma a danginmu duk abin da ya shafi takarda ko Faransanci kaina ake jibga wa. Na tambayi wata abokiyar aikina, wadda mijinta ya taɓa zama gaban irin waɗannan mutane.

Ta ce, "Ke, ai yanzu ba dipilom kaɗai suke dubawa ba. Labari suke so."

Na ce, "Wane irin labari? Tatsuniya?"

Ta ce, "Za su ce masa, ba mu labarin ranar da aiki ya cakuɗe maka, me ka yi? Wanda ba sa tsallakewa kuwa, tunda shugabanci ne, shi ne: ba mu labarin wata rigima da ka yi da abokin aikinka, yaya ta ƙare?"

Abin ya ɗaure mini kai, kuma gaskiya ya burge ni. Ni lokacin da aka ɗauke ni, zaunar da ni aka yi gaban injin buga rubutu, aka ga saurin yatsuna, shi ke nan. Su waɗannan me suke nema a cikin rigimar mutum? Abokiyar tawa ta ce wai abin da mutum ya yi jiya shi zai yi gobe. Na ce to wannan ai tsofaffinmu ma sun sani, shi ya sa ake bincike kafin a ba da aure. Sai dai mu maƙwabta muke tambaya, su kuwa mutumin suke zaunarwa ya tona kansa da bakinsa. Na wuni ina juya maganar, har na buga wasiƙa ɗaya sau biyu.

Ranar Asabar bayan la'asar na tafi Lazare. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya, yau za mu yi gwaji. Na ja tebur ƙarƙashin dogon yaro, na sa tabarau, na murtuke fuska. Yaya ya zauna gabana ya haɗa gwiwoyi. Matarsa tana gefe tana tsintar shinkafa, tun ba a fara ba take dariya.

Na kira shi da Faransanci na ce, "Mushe, ba mu labarin wata rana da aiki ya yi maka wuya."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Aiki ai duk da wuya."

"Wace rana ce ta fi?"

"Ranaku duk na Allah ne."

Na cire tabarau. Na ce, "Yaya, don girman Allah! Ba gaisuwar mutuwa muka zo ba. Mutum ya yi shekara da shekaru a daji, a ce ba shi da labari ko ɗaya?"

Da ƙyar da jiɓin goshi na riƙa zaro su ɗaya-ɗaya. Ranar da radiyato ya fashe musu nesa da gari ya liƙe shi da sabulu. Ranar da wata mai naƙuda ta haihu a bayan motarsa. Labarai masu daɗi, wallahi, ni kaina ban taɓa jin su ba, amma da zarar ya zo wurin da zai ce ni na yi kaza, sai ya kauce ya ce Allah ne ya kiyaye. Na ce mun sani Allah ne, amma da hannun wa? Ya ce yabon kai jahilci ne. Na ce to jahilcin nan shi ake ɗauka aiki yanzu, sai ka koya.

Da muka ɗan saba sai na mai da tabarau na jefa masa babbar. "Ba mu labarin rigimar da ka taɓa yi da abokin aiki."

Ya ce, "Ban taɓa rigima da kowa ba."

Matarsa ta yi wani tari da ba na mura ba.

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Mutumin Gudel fa?"

Duk gidanmu mun san da wannan magana, sai dai ba mu san cikinta ba. Shekarun baya Yaya ya taɓa dawowa daga garaji da riga a yage, ido jajir. Aka ce da wani abokin tuƙinsa ne, wani dogon Ba'adare da ke zaune unguwar Gudel. Suka daɗe ba sa ga-maciji. Daga baya dattawan garaji suka shiga tsakani, kuma tun daga nan ba a suna ko biki a gidan ɗayansu ɗayan bai zo ba. Amma me ya haɗa su? Na tambaya sau ɗaya ina budurwa, Yaya ya yi mini wani kallo da ya sa ban sake ba.

Wannan karon bai harare ni ba. Ya ce, "Wannan an yi mata fatiha."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar ni ce baƙuwa a garin. A garajinsu, in dattawa suka sulhunta direbobi biyu, goro ɗaya ake fasawa, kowa ya ci ɓari, a yi fatiha, a ce an binne. Daga ranar duk wanda ya sake tayar da maganar, ko ga matarsa ne, laifin duka ya koma kansa, kuma abin da ya same shi a hanya shi ya sayo. Ya ce mutumin da ransa ke bisa taya huɗu ba ya wasa da fatiha.

Na ce, "To ƙirƙiro wata rigimar mana. Wa zai bincika?"

Ya ce, "In samu aiki da ƙarya, in ciyar da ƴaƴana da shi?"

"To ba da labarin ba suna."

"Allah ai ya san sunan."

Na kwashi jakata. Na ce wa matarsa mijinki sai ke, ni na gaji. Har na kai bakin titi ina masifa ni kaɗai, wata mai tuyar ƙosai tana bi na da kallo.

Tsakiyar mako sai ga wayarsa. Ya ce, "Ki shirya, Lahadi za ki raka ni Gudel. Mu biyu muka ɗaura, mu biyu za mu kwance." Wato izini zai je nema. Ban taɓa jin inda aka je roƙon izinin tono tsohuwar rigima ba, kuma ba zan ɓoye ba, rabin abin da ya tashe ni da wuri ranar aikin Yaya ne, rabin kuwa son jin ƙwaƙwaf.

Muka biya kasuwar Lazare ya zaɓi goro farare masu kyau, muka ɗauki taksi. Mutumin, shi ma tun da furojen ya rufe, lambu yake yi a bakin kogi, a wani fili na surukansa Zabarmawa. Muka ratsa kwamin salati da kabeji, injin ban ruwa yana ta tuf-tuf, ana yi mana fofo, gaisuwar Zabarmawa, ta ko'ina muna amsawa. Muka same shi ya naɗe wando zuwa gwiwa, laka har ƙwauri. Da ya hango Yaya sai ya jefar da butar ban ruwa ya taho da hannu biyu. Aka yi gaisuwa har na gaji da tsayuwa, sannan ya shimfiɗa mana buhu a gindin mangwaro.

Yaya ya ajiye goro a tsakiya. Mutumin ya duba ya ce, "A'a, wa za mu aurar?"

Yaya ya faɗa masa komai: kiran da aka yi masa, irin tambayar da ake yi, da cewa ba shi da wata rigima a duniya sai tasu. Mutumin ya shiga kankare lakar ƙafarsa da tsinke.

Ya ce, "Wace ƙungiya ce?"

Yaya ya faɗa.

"Kai yaushe ne naka?"

"Talata."

"Ni Laraba."

Ashe aiki ɗaya suke nema. Na dubi Yaya, na dubi goron, na ce a raina shi ke nan, mun kawo kanmu. Mutumin kuwa sai ya yi ƴar dariya ya ce shi ma ɗiyarsa ta zaunar da shi ta yi masa wannan tambaya ya rasa ta cewa, kuma da Yaya bai zo ba, shi da kansa yana shirin zuwa Lazare. Ya ɗauki goro ɗaya ya fasa, ya miƙa wa Yaya ɓari. Ya ce, "Na sakar maka bakinka. Ka faɗi duka, kada ka rage mini komai." Yaya ya ce shi ma ya sakar masa. Suka ɗaga hannu suka yi fatiha, ni ma na shafa.

Sai ya juyo gare ni. Ya ce, "Ƙanwarmu, na ga kunnenki ya miƙe tun ɗazu. Gyara zama, ni zan ba ki, don yayanki bai iya labari ba."

Ya ce wata shekara furoje ya sayo sabuwar kat-kat, kowa ya ɗauka tasa ce tunda shi ne babba, sai aka miƙa wa Yaya makulli. Ya haɗiye, amma abin bai wuce masa ba. Da damina aka tura su dajin bayan Tawa da mota biyu, shi a gaba, Yaya a baya ɗauke da akwatunan sanyi na allura da wata ma'aikaciyar jinya. Dokar tafiyar daji ɗaya ce: na gaba ba ya barin na baya ya ɓace masa a madubi. Suka zo wani kori, irin rafin nan da ke bushe duk shekara sai an yi ruwa ya taso. Shi ya haye. Motar Yaya, da nauyinta, ta nutse a yashi, ga ruwa yana ƙaruwa.

Ya ce, "Na gan shi a madubi, ƙanwata. Da idona na gan shi. Na ce a raina, sabuwar mota ai ta fitar da kanta. Na taka na yi gaba."

Yaya shi ya yi ta jidar akwatunan a ka yana kai su tudu, ruwa har ƙugu. Ya bar matar tana gadi, ya tafi ƙauye a ƙasa ya zo da mutane da shanun huɗa, aka ja motar. Allura ko ɗaya ba ta lalace ba. Da suka dawo Yamai shef, wato shugabansu, ya tambayi abin da ya raba motocin, Yaya ya ce ruwan sama ne ya rufe musu ido. Sai da shef ya shige biro sannan Yaya ya sha wuyan rigar mutumin a tsakiyar garaji.

Mutumin ya ce, "Da ya buɗe baki gaban shef, ranar zan ajiye makulli. Ga ƴaƴa ƙanana a lokacin."

Na juya na dubi Yaya. Ya tsura wa salati ido kamar bai taɓa ganin ganye ba. Ni kuwa na rasa abin da ke damuna, tausayi ne ko alfahari. Mutumin da nake yi wa tsawa a kan tebur, ashe wannan yake ɗauke da shi tsawon shekaru bai ce uffan ba.

A taksi kan hanyar komawa bakina bai rufu ba. Na ce Yaya, wannan labari ai shi kaɗai ya isa: ga matsala, ga dabara, ga haƙuri, ga sulhu. Litinin da yamma muka sake gwaji, ya ba da shi tiryan-tiryan da Faransancinsa na garaji, har da madubin, har da wuyan riga. Matarsa ta rangaɗa guɗa. Na koma gida ina jin aikin nan ya zama namu.

Talata ina tashi daga biro ban tsaya ko'ina ba sai Lazare. Na same shi ya cire babbar rigar ganawa ya rataye, yana alwala.

Na ce, "Yaya aka yi?"

"Alhamdu lillahi."

"Sun yi tambayar?"

"Sun yi."

"Ka ba su?"

Ya gama wanke ƙafa tukuna. Ya ce ya ba su labarin kori da akwatuna da shanu. Wata mata a cikinsu ta tambaye shi ina ɗaya motar take, ya ce ruwa ne ya raba su. Ta ce to ina rigimar? Ya ce sun ɗan yi musu da abokinsa, dattawa suka gyara. Ta ce musu a kan me? Ya ce abin aiki ne, ya wuce. Suka dubi juna, suka tafi tambaya ta gaba.

Inna lillahi. Ban san lokacin da na fara ɗaga masa murya ba, ni da ban taɓa yi masa haka a gaban iyalinsa ba. Na ce goron da muka saya fa? Fatihar fa? Wahalar da na sha fa? Mutumin nan da bakinsa ya ce kada ka rage masa komai!

Ya ce, "Gobe zai zauna a kujerar da na tashi. Direba nawa ne suka yi furojen nan? Suna buɗe dosiyensa na takardun aiki za su gane shi ne. In faɗi, in tashi, in bar masa kujera da wuta?"

Na ce, "Ai ya yafe!"

Ya ce, "Ya yafe. Ni ne bakina ya ƙi."

Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Na zauna kusa da matarsa, tukunya tana ta tafasa ba wanda ya tashi ya duba.

Sakamako bai daɗe ba. Wata yamma ina gidan Yaya sai ga mutumin Gudel a kan moto, ya ɗauro kwandon salati da tumatir a baya. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama. A tsaye ya faɗa mana cewa shi aka ɗauka aikin. Ya ce ya ba su labarin duka, da sabuwar mota, da hassadar, da madubin. Suka yi ta rubutu. Suka tambaye shi me ya koya, ya ce tun daga ranar bai sake barin mota a bayansa ba, kuma bai sake barin fushi ya hau sitiyari tare da shi ba. Har ya ce musu mutumin da ya bari a korin shi ne suka gani ranar Talata, kuma ya fi shi cancanta nesa ba kusa ba. Suka gyaɗa kai, suka rubuta wannan ma.

Ya ce, "Wallahi ban san abin da mutanen nan suke so ba."

Ni ma ban sani ba, kuma har yau ina juya shi. Abokiyar aikina ta ce wai suna son mai faɗin laifinsa ya nuna ya canza, Yaya kuwa sun gan shi kamar mai rufe matsala. To ai rufewar ya yi, gaskiya ne. Amma ni a gidanmu an koya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri shi ake ba amanar jama'a. Wane ma'auni ne daidai, nasu ko namu? Na tambayi mutane da yawa, kowa da abin da yake ce mini.

Yaya ya kama hannun mutumin ya yi masa barka, ya yi masa addu'a mai tsawo, kuma na san har zuciyarsa ne, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Mutumin ya ce ya yi haƙuri ya jira, gurbin direba na farko da zai buɗe nasa ne. Yaya ya ce Allah ya kai mu. Amma wata ya riga ya ƙare, kuma ya ba mai kamyo kalmarsa.

Na raka shi inda kamyo ke lodi a bakin gari, da safe kafin in wuce biro. Matarsa ta ce ba za ta iya zuwa ba. Motar doguwa ce, an lafta mata buhuna har sun fi kanta tsawo, matakin hawa ma sai da ya kama ƙarfe da hannu biyu. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ke, in mutumin nan ya zo gaishe ku, ki karɓe shi da fuska. Na san halinki."

Na so in ce wani abu mai zafi, sai na fasa. Na ce, "To, Yaya."

Ya ce in riƙa leƙa yaran. Ya tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe ni, na tsaya har ta hau kwalta ta ɓace a cikin sauran motoci. Bayan Agadas waya ba ta shiga sai jefi-jefi, wani lokaci mako ya wuce ba mu ji muryarsa ba. Tun daga ranar, in wayata ta yi ƙara na ga lambar da ban sani ba, sai na samu wuri na zauna kafin in ɗauka.